Matsefin girbi: injin da ke ɗaukar tsaba ya bar kara a tsaye

Matsefin girbi wani irin baki ne da ake ɗaura wa babban injin girbi a gaba. Aikinsa shi ne ya tsefe tsabar alkama ko ta shinkafa daga zangarniya, ya bar karan a tsaye cikin gona. Turawan Ingila, waɗanda suka ƙera na zamani, suna ce masa sitirifa. A cikin wannan bayani mun kira shi matsefi, domin haƙoransa suna shiga cikin shuka kamar yadda matsefi yake shiga gashi. Manoman alkama na Amurka da Kanada da Ostareliya da Rasha da Kazakistan suna aiki da shi, haka ma manoman shinkafa na jihohin kudu na ƙasar Amurka. Sun fi shekara 30 suna girbi da shi. Sun ga amfaninsa, sun kuma ga inda yake kasawa.

Ba injin gonar hatsi ba ne, kuma ba na ƙaramin manomi ba ne. Amma maganar da ya tayar a waɗannan ƙasashe magana ce da kowane manomi na Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya sani: in an gama girbi, a bar wa ƙasa kara ko a kwashe shi a ba dabbobi?

Ƙaƙa babban injin girbi yake aiki?

Babban injin girbi mota ce mai haɗa aiki uku a tafiya guda: yanka, da sussuka, da sheƙa. Baki na gaba, wanda aka saba da shi, yana da doguwar wuƙa mai kai da komowa. Wuƙar tana yanke shukar daga ƙasa-ƙasa, sai kara da ganye da zangarniya su shige cikin injin gaba ɗaya. A ciki akwai ganga mai sussuka. Bayanta akwai rariya da fanka masu raba tsaba da ƙaiƙayi. Tsaba ta hau rumbun injin, kara da ƙaiƙayi su fita ta baya.

A gonar alkama, nauyin kara ya kan yi kusan daidai da nauyin tsaba. Ke nan in injin ya tara tan ɗaya na alkama, ya haɗiye wajen tan ɗaya na kara, ya murje shi, ya zubar. Wannan aikin banza yana cin gazuwal, yana cinye ƙarafan injin, kuma shi ne yake hana injin sauri. In kara yana da laima, ko ɗanyen haki ya yi yawa, sai ciki ya toshe, aiki ya tsaya.

Matsefi ba shi da wuƙa. A maimakonta akwai doguwar gangar ƙarfe da ke kwance daga wannan gefe zuwa wancan, an jera mata haƙora layi 8. Kowane haƙori yana da tsini, kuma tsakanin haƙori da haƙori akwai tsaga mai ƙarewa da ɗan rami zagayayye, kamar kafar mabuɗi a jikin ƙofa. Gangar tana juyawa da sauri, wajen sau 400 zuwa 800 a minti ɗaya, kuma ta gaba haƙoran sama suke yi, ba ƙasa ba. Kara ya shiga tsagar, ya zame har cikin ramin, haƙoran su bi shi zuwa sama su tsefe tsabar. Akwai murfin ƙarfe a bisa gangar, mai lanƙwasa kan shukar kaɗan, mai kuma tare tsabar da ta yi tsalle ya mai da ita baya. Daga nan wani murɗaɗɗen ƙarfe ya tura ta cikin injin.

Abin da yake shiga injin ke nan: tsaba, da ƙaiƙayi, da gutsattsarin zangarniya, da ɗan ganye. Mafi yawan tsabar ma ta riga ta rabu da zangarniya tun a baki, kafin ta isa gangar sussuka.

Tsohuwar dabara ce

Wani marubucin daular Rum mai suna Filini ya ba da labarin irin wannan girbi wajen shekara ta 77 bayan haihuwar Annabi Isa. Ya ce a manyan gonakin ƙasar Gol, wadda a yau take cikin Faransa da Beljiyam, ana aiki da wani amalanke mai haƙora a gaba. Ba jan sa ake yi ba, dabba ce take tura shi daga baya. Haƙoran su cizge zangarniya, ta faɗa cikin amalanken. Ƙarnuka bayan haka wani marubucin, Faladiyus, ya sake bayanin amalanken, ya ƙara da cewa ya dace da shimfiɗaɗɗen fili, da kuma wurin da ba a bukatar kara. A riƙe wannan magana ta ƙarshe, domin har yau ita ce take raba inda matsefi ya karɓu da inda bai karɓu ba.

Dabarar ta ɓace, sai ta sake fitowa a Ostareliya ta Kudu a shekara ta 1843. Alkama ta yi kyau, amma babu ƴan ƙwadagon da za su girbe ta. Wani mai injin niƙa, John Ridley, ya ƙera inji mai matsefi a gaba, dawaki suna tura shi. Wani manomi, John Wrathall Bull, ya ce shi ne ya fara kawo dabarar, kuma an daɗe ana gardama a kan haka. Injin ya yi aiki sosai domin lokacin girbi a can busasshe ne ƙwarai. Wajen 1885 Hugh Victor McKay ya fito da wanda yake haɗa tsefewa da sheƙa. Aibin waɗannan injuna shi ne ba su iya ɗaukar alkamar da ta kwanta ko ta jiƙe. Saboda haka, da Headlie Taylor ya ƙera baki mai wuƙa a 1913, sannu a hankali manoma suka koma ga yanka.

Matsefi na zamani ya fito ne daga cibiyar binciken injunan noma ta Silsoe, a Ingila, cikin shekarun 1980, a hannun wani injiniya mai suna Wilfred Klinner da abokan aikinsa. Su ne suka gano siffar haƙori mai kafar mabuɗi. Kamfanin Shelbourne Reynolds, na yankin Suffolk, ya karɓi izinin ƙerawa, ya fara sayarwa a ƙarshen shekarun 1980. Haƙoran farko na roba ne mai tauri, daga baya aka koma ga ƙarfen da ba ya tsatsa. An rufe cibiyar Silsoe a 2006, amma kamfanin ya ci gaba da ƙera matsefi, kuma manyansu sun fi mita 12 a faɗi. A Rasha da Yukren ma wasu masana'antu sun ƙera nasu.

Abin lura shi ne bai karɓu sosai a ƙasar da aka ƙera shi ba. A Ingila ruwan sama yana da yawa, alkama tana yin kara mai kauri, kuma kara yana da kasuwa domin shimfiɗa wa dabbobi. A 1993 aka hana ƙona kara a gonakin Ingila. Manomin da ya tsefe gonarsa sai ya tarar da dogon kara tsaye, ba damar sa masa wuta, kuma dole ya sake shiga da wani inji ya yanke shi kafin shuka. Abin da ya samu a girbi ya mayar a share gona. Kasuwar matsefi ta koma Amurka tun farkon shekarun 1990.

Abin da manoma suka yaba

Na farko shi ne sauri. A gwaje-gwajen Silsoe an ga injin da aka ɗaura wa matsefi yana tara tsaba fiye da yadda ya saba da rabi, wani lokaci har ninki biyu. Manoman da suka saye shi sun tabbatar da cewa tafiya tana sauri, kuma gazuwal da ake ƙonawa a kan kowace hekta yana raguwa. Tsohon inji matsakaici yakan yi aikin da sai babba ya isa ya yi. Ga mai gonar ɗaruruwan hekta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alkamar da ta nuna ba ta jira. Ruwan ƙanƙara na rabin awa yana iya kwantar da aikin shekara.

Na biyu shi ne tsawon yinin aiki. Mai baki mai wuƙa yakan jira raɓa ta bushe daga jikin kara da safe, kuma ya tsaya da dare in laima ta sauko. Mai matsefi bai damu da laimar kara sosai ba, tun da karan ba ya shiga injin. In zangarniya ta bushe, ya fara. Haka kuma ɗanyen hakin da ya tsiro a gindin alkama yana nan a ƙasa, bai shiga ya jiƙa tsaba ba.

Manoman shinkafa na jihohin Arkansas da Luwiziyana da Misisifi da Teksas suna cikin waɗanda suka fara karɓar sa, kuma dalilinsu a fili yake ga duk wanda ya taɓa yankan shinkafa. Lokacin da shinkafa ta isa girbi, karanta yana nan ɗanye, mai yauƙi, mai nauyi. Ga shi yana da kaushi mai cin ƙarfe kamar yashi. Injin da ke haɗiye shi sai tafiyar hawainiya. Da matsefi, karan ya zauna a fadama, injin ya wuce.

Shukar da ta kwanta ma ana samun ta. Wannan shi ne babban bambanci da injunan Ostareliya na da. Tun da haƙoran suna tasowa daga ƙasa zuwa sama, suna iya ɗaga alkama ko shinkafar da iska ta kwantar, ko ƙanƙara ta karya, su tsefe ta. Amma manoma sun ce akwai tsada: in aka sauke gangar kusa da ƙasa, tana kwasar ƙasa da tsakuwa, haƙora su cinye da wuri, kuma kara mai yawa ya shiga injin, saurin ya ragu.

Maganar kara da laimar ƙasa

A yammacin jihar Kansas da gabashin Kolorado da yammacin Nebraska, mutane da yawa ba don sauri suka sayi matsefi ba. Don kara suka saye shi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba itatuwa, iska ba ta hutawa. Ruwan da ke sauka a shekara bai wuce milimita 400 zuwa 500 ba, wato kusan abin da yankunan noma na Maraɗi da Damagaram suke samu, sai dai a can wani kashi yana zuwa ne a matsayin dusar ƙanƙara lokacin sanyi. A shekarun 1930 fari ya haɗu da yawan huɗa, iska ta kwashe ƙasar gonaki, ƙura ta rufe garuruwa, dubban iyalai suka yi ƙaura. Jikokinsu ba su manta ba. Da yawa daga cikinsu sun bar huɗa gaba ɗaya. Suna shuka kai tsaye cikin karan bara, suna kashe haki da magani.

Ga irin wannan manomi, karan da ke tsaye dukiya ce. Yana rage ƙarfin iska a fuskar ƙasa, don haka ƙasa ba ta tashi. Yana yi wa ƙasa inuwa, don haka rana da iska ba su shanye laima da sauri. Lokacin sanyi yana tare dusar ƙanƙarar da iska take kora, ta taru a gona, ta narke ta shiga ƙasa, maimakon ta tafi ta cika ramin gefen hanya. Kuma karan da ke tsaye ya fi wanda ke kwance daɗewa, domin bai taɓa ƙasa ba balle ya ruɓe da wuri. Akwai wani amfani kuma: injin mai wuƙa yana zubar da kara ta baya, wani wuri tuli, wani wuri fayau. Matsefi yana barin kowane kara a inda ya tsiro.

Jami'ar jihar Kansas ta auna wannan a tasharta ta garin Tribune, tun daga 2006. An girbe alkama iri uku: yanka ƙasa-ƙasa, da yanka sama-sama, da tsefewa. Shekara mai zuwa aka shuka masara da dawa cikin karan. Da aka haɗa lissafin fiye da shekara 10, masarar da aka shuka cikin dogon kara ta fi ta gajeren kara da wajen rabin tan a kan hekta ɗaya. Amma a kula da kyau: tsakanin karan da aka tsefe da wanda aka yanka sama-sama, bambancin bai taka kara ya karya ba. Wato tsawon kara ne ya kawo riba, ba sunan injin ba. Wanda ya ɗaga wuƙarsa sama ya samu mafi yawan amfanin ba tare da sayen sabon baki ba. Inda matsefi ya fi shi ne shekarar fari, lokacin da alkama ta yi gajarta har mai wuƙa ba shi da abin da zai bari.

A Ostareliya ma wasu manoma sun komo ga tsefewa cikin shekarun 2010, saboda wannan dalili na tsare laima, fiye da shekara 150 bayan injin Ridley.

Inda ake kuka da shi

Babban kukan manoma shi ne zubar tsaba a gaban injin. Injin mai wuƙa ya fi zubarwa ta baya, kuma ana iya gani a gyara. Matsefi kuwa ta gaba yake zubarwa, cikin dogon kara, inda ido ba ya gani da sauƙi. Abu huɗu ne suke sa a yi asara ko a tsira: saurin gangar, da tsayin murfi, da tsayin bakin daga ƙasa, da saurin tafiya.

In ganga ba ta da sauri, za a bar tsaba a jikin zangarniya. In ta cika sauri, za ta watsar da tsaba, ta kuma cizgo kara. Ƙa'idar masu aiki da shi ita ce a sa mafi ƙarancin saurin da zai tsefe zangarniya tas. In murfi ya yi sama da yawa, tsaba ta yi tsalle ta fita gaba. In ya yi ƙasa da yawa, ya danne shukar, tsaba ta zube ƙasa kafin haƙora su ɗaga ta. Maganar saurin tafiya kuwa ita ce take rikita sabon direba. Duk wanda ya saba da injin girbi ya san cewa in ana asara sai a rage gudu. Da matsefi akasin haka ne. Yana son shuka ta riƙa shigowa da yawa ba yankewa, domin ita ce take toshe gaba ta hana tsaba fita. In aka rage gudu, ko aka tsaya, ko aka zo kwana, zuba ta ƙaru. Saboda wannan dalili ne bai jin daɗin gonar da shukarta ta yi tsilla-tsilla, ko wadda wani wuri doguwa wani wuri gajera.

Cikin injin ma sai an sake saiti. Da can kara ne yake zama matashi tsakanin tsaba da ƙarfe. Da babu shi, ganga mai sussuka tana iya farfasa tsaba in ba a daidaita ta ba. A shinkafa wannan asara ce ta kuɗi, domin karyayyar shinkafa ba ta da daraja kamar tsayayya. Kuma tun da tafiya ta yi sauri, nauyin aiki ya koma kan rariya da fanka. Manoma da yawa sun ce shekarar farko ta koyo ce.

Sai maganar shuka ta gaba. Dogon kara yana sarƙe injin shuka mai haƙora, ya tara shi tuli kamar shara. Dole a sami injin shuka mai faifan ƙarfe, mai yanka hanya tsakanin kara. Shi ma in kara ya kwanta kuma ƙasa tana da taushi, faifan ba ya yanke shi, sai ya cusa shi cikin ramin shuka, iri ya zauna bisa kara maimakon ƙasa, ya ƙi tsira. Don haka masu matsefi suna hana motocin ɗaukar tsaba yawo ko'ina cikin gona, domin duk inda taya ta bi kara ya kwanta. Dogon kara yana kuma tare maganin haki ya hana shi isa ƙasa. Yana ba ɓeraye mafaka, abin da manoman Ostareliya suke tsoro ƙwarai. Kuma busasshen kara mai kai wa gwiwa ko ƙugu abincin gobara ne.

Ga tsada, ga nauyi. Kuma ba kowane amfanin gona yake ɗauka ba. Yana aiki a alkama, da sha'ir, da shinkafa, da irin ciyawar kiwo, da wasu ƙananan tsaba. Ba a girbin masara da shi, dawa ma ba ta dace da shi ba. Manomi mai shuka iri-iri dole ya riƙe baki biyu ko uku. Wanda kuma yake da shanu, ko yake sayar da kara, sai ya sake shiga gona da injin yanka, ya biya gazuwal sau biyu.

Ƙaramin matsefi na shinkafa

Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin, ta haɗa kai da Silsoe a farkon shekarun 1990, suka ƙera ƙaramin matsefi domin ƙananan manoma. Faɗinsa santimita 80 ne, mutum yana bin sa a ƙafa. Yana tara tsaba cikin akwati, in ya cika a zazzage, a kai ga ƙaramin injin sussuka. An gwada shi a Filifin da Indunusiya da wasu ƙasashe.

An kawo shi Afirka ta Yamma ma. A kwarin kogin Senegal, cikin shekarun 1990, cibiyar shinkafa ta ADRAO, wadda a yau ake kira AfricaRice, tare da ISRA da SAED na ƙasar Senegal, sun gwada matsefin da kuma injin sussuka da sheƙa. Maƙeran gida suka gyara injin sussukar, aka fito da shi a 1997 da sunan ASI. Yana sussuke wajen tan 6 na shanshera a yini, kuma ya bazu zuwa ƙasashe maƙwabta. Matsefin kuwa bai bazu ba. A ganinmu ba abin mamaki ba ne. A ƙasar da rani yake wata 8 ko 9, kuma kowane gida yake da akuya ko sa a turke, injin da ke barin ciyawar shinkafa a fadama ya bar rabin amfanin gona a baya.

Mi ya shafe mu a ciki?

Manomin hatsi na Nijar ya riga injin ga wannan dabara. Ba ya kai kara masussuka. Zangarniya kaɗai yake yankewa da ƴar wuƙa, ya ɗaure dami, ya kai rumbu. Amma injin kansa ba zai shiga gonar hatsi ba. Hatsinmu yana kai mita 2 zuwa 3, karansa mai kauri ne, zangarniyarsa doguwa ce, tsabar ta manne mata gam, kuma ba ya nuna a lokaci guda. Ga wake a tsakani, ga gawo da sauran itatuwan da manoma suke raino da gangan. A Kolorado da Nebraska an yi girbin wani abu da suke kira gero da matsefi, amma wani iri ne dabam, gajere, mai sakakken kai, ba hatsinmu ba.

Shinkafa da alkama su ne za su iya dacewa da shi. Ana noman shinkafa a gandayen ban ruwa na bakin kogin Isa, daga Tilaberi zuwa Yamai har Gaya, ƙarƙashin kulawar ma'aikatar ONAHA da aka kafa a 1978, kuma a wurare da yawa sau biyu a shekara. Ana noman alkama da rani a wurare kamar Birnin Ƙwanni da Jiratawa da lambunan Ayar. Amma filin mutum ɗaya a gandari galibi kwata ne ko rabin hekta, an kewaye shi da kunya da magudanar ruwa. Matsefi kuwa gudu yake so a dogon fili, kuma a kwana yake zubar da tsaba. Sannan inda ake noma sau biyu, ana bukatar a share fadama da wuri domin dashe na gaba. Ciyawar shinkafa kuma tana da masu jira, musamman masu kiwon turke. Ƙungiyar manoman da aka zo wa da tallar kowane irin injin girbi, ya kamata ta tambaya tun farko: ina ciyawar za ta kasance bayan injin ya wuce, kuma a wane hali? Wa zai gyara shi in ya lalace ana tsakiyar girbi, kuma daga ina kayan gyara za su zo?

Abin da ya fi kusa da mu shi ne darasin kara. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an gwada barin karan hatsi a gona cikin shekarun 1990. Inda aka shimfiɗa tan 2 na kara a kan hekta ɗaya, rairayin da iska take kwasa ya ragu da kusan rabi. Kowa ya san irin iskar da take zuwa gaban hadari a farkon damina, yadda take bulale ƙaramin hatsi ko ta binne shi har sai an sake shuka. Kara yana tare wannan rairayi, yana kuma jawo gara, wadda take huda ƙasa ruwa ya sami hanyar shiga. Wahalar ita ce tan 2 abu ne mai yawa. Gonaki da yawa ba su ba da haka ba, kuma karan yana da masu nema: dabbobin gida, da darni, da murhu, da masu yin toka, da garken makiyaya bayan ranar sakin gonaki. Manomin Kansas ya iya barin karansa duka domin babu mai bukatarsa. Namu ba haka yake ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a zaɓi wurin da ƙasa ta fi gajiya, kamar kan tudu ko faƙon da ya daina ba da amfani, a tara karan a nan, maimakon a watsa kaɗan-kaɗan ko'ina.

Yadda ake auna tsabar da ta zube

Masu matsefi sun koyi kada su yarda da ido, sai da ƙirga. Wannan hanya tana aiki ko da lauje aka yi girbi. A sami sanduna 4, kowace mai tsawon mita ɗaya, a haɗa su murabba'i. Kafin girbi a aje su a ƙasa cikin gona, a ƙirga tsabar da ta riga ta zube da kanta. Bayan girbi a sake ajewa kusa da wurin, a ƙirga tsabar da ke ƙasa, da wadda ta rage a jikin kara. A cire lissafin farko daga na biyu. Abin da ya rage shi ne asarar girbi.

Ga alkama, ƙwaya 100 cikin murabba'in tana nufin an yi asarar wajen kilo 35 zuwa 40 a hekta ɗaya. Ga shanshera, ƙwaya 100 tana nufin wajen kilo 25. In aka sami ƙwaya 300 ta shanshera, asarar ta kai kilo 75 a hekta. Kada a tsaya a wuri guda. A auna wuri 4 ko 5, har da bakin gona da inda shukar ta kwanta, a haɗa lissafin a raba da yawan wuraren. In shinkafa ce, a yi awon sau biyu: a filin da aka yanke kan lokaci, da filin da ya yi kwanaki yana jiran ƴan ƙwadago bayan ya nuna, a gwada lissafin biyu.